Othniel Mai Agogo da Koren Ɗigo

Wanda ya bi layin masu gyaran waya a kasuwar Jimeta a yau zai tarar da wani ɗan teburi mai gilashi a can ƙarshe, da wani dattijo siriri sunkuye a kansa, gilashin ido ɗaya maƙale a idonsa na dama. Sunansa Othniel, amma a layin ba a kiransa da komai sai Baban Agogo. Matasan da suke kewaye da shi sun ɗauka tun fil'azal yana wurin. Ba haka ba ne. Shekara tara ya yi bai taɓa cikin agogo ba, kuma abin da ya dawo da shi kan wannan teburi wani koren ɗigo ne wanda bai kai ƙwayar gero ba.

A Michika aka haife shi, a Mubi ya koyi sana'a wurin wani tsohon mai gyara wanda ba ya son surutu. Abu biyu tsohon ya dasa masa tun yana saurayi. Na farko, kada ya buɗe agogo sai ya kara shi a kunne ya saurara, domin yawancin ciwon agogo a sautinsa ake jin sa. Na biyu, idan zai taɓa abu ƙarami, ya kafa ɗan ƙaramin yatsansa a kan teburi, ya saki numfashi, sannan ya motsa hannu. Da waɗannan biyu Othniel ya koma gida ya kafa teburinsa, ya auri Liyatu, suka haifi Becky, ya yi shekara talatin malamai da fastoci da direbobi suna kawo masa agogo.

Cikin direbobin akwai Hamajoɗa, Bafulatani mutumin Yola, wanda yake kai kaya Michika duk mako. Yana da wani agogon hannu na mahaifinsa, irin wanda ake yi wa wani, wato a murɗa shi da hannu, ba mai batir ba. A damunar shekarar 2014 agogon ya fara latti, ya bar wa Othniel shi a kan zai karɓa mako mai zuwa. Kafin makon ya zagayo 'yan bindiga suka shiga gari.

Othniel bai cika son ba da labarin gudun ba, kuma ba za a matsa masa a nan ba. Ya isa a ce sun kwana a duwatsu, sun yi tafiyar ƙafa ta kwanaki, sun iso sansanin 'yan gudun hijira na Damare, kusa da Yola, su uku da ransu. Abin da ya fito da shi daga dukiyar shekara talatin shi ne abin da yake aljihunsa: gilashin ido ɗaya, hantsaki, da agogon Hamajoɗa.

Wata guda da isowarsu ya shimfiɗa hankici a kan benci ya buɗe agogon. Ya ɗauki hantsaki, ya nufi sifirin ɗin nan mai kama da gashi wanda shi ne ran agogo. Sai ya ga bakin hantsakin yana rawa. Ya kafa ɗan yatsa, ya saki numfashi, rawar ba ta tsaya ba. Ya rufe agogon a hankali, ya naɗe shi a hankicin, ya ce wa Liyatu, "Hannun ya tsaya a Michika." Daga ranar bai sake gwadawa ba. Da suka bar sansanin suka sami ɗaki a Sangere da 'yar gona a wajen Damare, ya kama fartanya, wadda ba ruwanta da rawar hannu.

Hamajoɗa ya yi wata shida yana cigiyarsu kafin ya same su. Da aka gama koke-koke da dariya, Othniel ya ɗauko hankicin ya miƙa masa.

"Mene ne wannan?" in ji Hamajoɗa.

"Agogonka. Kai wa wani."

"Yana tafiya daidai?"

"Ban gyara ba."

"To ni mai latti na ba ka, mai latti za ka mayar mini? Riƙe abinka. Ni ba na karɓar aiki rabi."

Haka abin ya zama musu gaisuwa. Duk inda suka haɗu, ko a gadar Jimeta, ko a wurin suna, ko a gaban mutane a tasha, Hamajoɗa zai ɗaga hannunsa na hagu, ya dubi fatar wuyan hannun da babu komai, ya ce, "Mai agogo, ƙarfe nawa?" Othniel ya ce, "Dubi rana, ai kai makiyayi ne." A yi dariya. Amma Liyatu ta san cewa duk ranar da aka yi wannan wasa, mijinta yakan dawo gida ya zauna ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

A shekara ta tara, bayan an cire amfanin gona, Hamajoɗa ya zo da wata magana. Ɗan ƙanensa, Dakta Nu'uman, malamin kimiyyar lissafin haske, ya dawo daga karatu a ƙasar waje shekara guda da ta wuce, ya kama gida a nan Sangere, ya mai da ɗaki ɗaya wurin gwaji. Da hannunsa ya harhaɗa wata na'urar leza. Akwai wani sukuru a jikin kayan da ya cije, Dakta ya yi ta fama har ya kusa karya shi.

"Hannunsa na alli ne," in ji Hamajoɗa. "Na ce masa na san wani tsoho mai taurin kai."

"Ka san hannuna."

"Ban ce ka yi gyara ba. Wankewa za ka yi ka sa mai. Ko wanki ma ya gagare ka?"

Othniel ya je, don kawai a daina yi masa gori.

Ɗakin ƙarami ne, tagoginsa a toshe, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani a bango. A tsakiya akwai teburin ƙarfe, a kansa wani akwati da ƙananan madubai jere kamar haƙoran tsoho. Dakta Nu'uman, dogo mai saurin magana, ya miƙa masa wani tabarau mai duhu ya ce kada ya kuskura ya cire shi muddin na'urar tana kunne, domin hasken da take fitarwa ido ba ya ganinsa, amma yana iya ƙona ido.

"Baba, wannan na'ura ba haske mai ɗorewa take bayarwa ba. Walƙiya take yi, gajeru ƙwarai, miliyoyi a sakan ɗaya. Abin da nake nema shi ne tsawon walƙiya guda."

"Sai a sa agogo."

"Babu agogon da zai kama ta. Ka raba sakan gida dubu. Ka ɗauki ɗaya ka sake raba shi dubu. Ka yi haka har sau biyar. Abin da ya rage shi muke kira femtosakan. Ina zaton walƙiyata ba ta wuce ɗari biyu ko uku na wannan ba. Haske, wanda yake zagaya duniya sau bakwai da rabi a sakan ɗaya, a cikin wannan ɗan lokaci kaurin gashi guda kawai yake iya tafiya."

Othniel ya dubi akwatin da madubansa. Ya yi shekara talatin yana hidimar sakan, bai taɓa sanin tana da ciki mai faɗi haka ba. "To da me ake aunawa?"

"Da ita kanta." Dakta ya nuna madubin farko. "Nan walƙiyar take rabuwa biyu, kowace ta bi hanyarta, su haɗu a cikin wannan ɗan dutse mai kama da gilashi. Idan suka iso tare, dutsen yakan fitar da koren ɗigo a kan katin can, a tsakiya. Idan ɗaya ta riga ɗaya, babu ɗigo. Wannan sukuru yana matsar da madubi ɗaya, ya tsawaita hanyar ɗaya daga cikinsu. Kowane zane a jikinsa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Za mu murɗa zane biyu-biyu, ina rubuta ƙarfin ɗigon daga wannan mita, tun daga fitowarsa har ɓacewarsa. Yawan zanen shi zai gaya mana tsawon walƙiyar."

"Wato lokaci ya koma tafiya," in ji Othniel a hankali. "Kamar allurar agogo."

Dakta ya dube shi da kyau a karo na farko. "Ɗalibaina sai da suka yi mako kafin su faɗi haka."

Wankin sukuru bai ɗauki Othniel awa ɗaya ba. Tsohon mai ne ya daskare a ciki. Da ya mayar da shi yana juyawa kamar a cikin man shanu, Dakta ya gwada, ya zarce zane goma a murɗa ɗaya. Ya sake, ya zarce bakwai. Ya ɗaga hannuwansa sama. "Baba, don Allah gobe ka zo ka murɗa mini. Ni zan riƙe biro."

Lokacin aikin ƙayyadadde ne. Da tsakar rana zafin Yola yakan fi ƙarfin na'urar sanyi, lezar ta yi 'yan mintoci ta rikice. Da safe batiran sola ba su cika ba, bayan faɗuwar rana kuma sun yi ƙasa. Tsakanin la'asar da magariba ne kaɗai ɗakin yake da sanyi kuma wuta take da ƙarfi. Othniel ya so ya ƙi. Liyatu ce ta goge masa rigarsa ta zuwa coci ta rataye a ƙofa.

Washegari bayan la'asar ya zauna gaban sukurun. Ya kafa ɗan yatsa, ya saki numfashi, ya murɗa. Can sai ga ɗigon ya ɓullo a tsakiyar katin, kore shar kamar sabon ganyen gero. Amma ɗigon bai tsaya ba. Yana haske yana dushewa, allurar mita tana tsalle hagu da dama.

"Ikon Allah," in ji Dakta. "Da na gwada shi shekaranjiya da azahar, a tsaye yake cak." Bai faɗa da wata manufa ba, amma maganar ta sauka inda ta sauka.

Kwana uku suna yi, kwana uku ɗigon yana rawa. A rana ta uku Othniel ya janye kujerarsa baya, ya soke hannuwansa biyu a hammata. "Dakta, kada in ɓata maka lokaci. Ciwon a jikina yake. Na gaya wa bappanka tun farko."

Dakta ya fara ba shi haƙuri, amma Othniel bai ji ba, domin idonsa yana kan katin. Yana zaune taku biyu daga teburin, hannuwansa a ɓoye, ga shi kuwa ɗigon yana ci gaba da rawarsa.

Ya tashi. Ya yi abin da aka koya masa a Mubi, wanda ya kamata ya yi tun ranar farko: ya sunkuya ya kara kunnensa a kan ƙarfen teburin. Ƙarƙashin gurnanin na'urar sanyi akwai wani sauti mai nauyi, yana zuwa ta ƙasa. Dum, dum, dum. Dum, dum, dum. Uku-uku, ba ya kuskure. Duk wanda ya tashi a gidan da ake cin gero ya san wannan.

"Dakta, wa ke bayan wannan bango?"

"Wata tsohuwa ce mai fura."

"Taɓarya uku ne. Lugude suke yi."

Dakta ya kara nasa kunnen, ya ɗago, ya fashe da dariya har sai da ya dafa bango. Othniel bai yi dariya sosai ba. Ya koma gida yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka, amma an bar masa wani a kafaɗa.

Tsohuwar ita ce Asta, wadda duk Sangere suke kira Gogo. Furarta ɗalibai suke layi a kanta da yamma, kuma ba ta yarda da injin niƙa ba, ta ce yana ƙona ƙanshin gero. Kullum bayan la'asar ita da mata biyu da suke taya ta sukan kafa turmi a gindin bangon da ya raba gidanta da na Dakta, saboda nan ne inuwa take.

A nan Dakta ya yi kuskurensa. Ya zauna gaban kwamfuta ya buga takarda da Turanci, da kwanan wata da kan magana da sa hannu, yana roƙon a dakatar da daka daga ƙarfe huɗu zuwa shida saboda muhimmin binciken kimiyya. Ya tura ta ƙarƙashin ƙofarta. Wani mai sayen fura ya karanta mata ya fassara. Washegari da Othniel ya kara kunne a teburi, ya ɗago ya ce, "Yau taɓarya huɗu ne."

Da Liyatu ta ji labari ta riƙe baki. "Baban Becky, takarda? Ga maƙwabciya? Bango ɗaya? Ya taɓa shiga ya gaishe ta kuwa?"

Aka bincika, ashe shekara guda Dakta yana gidan bai taɓa taka zaurenta ba. Daga mota yakan ɗaga hannu.

Liyatu ta ɗauki ragamar abin. Da hantsi ta cika kwando da busasshiyar kuɓewa da yakuwa daga gonarsu, ta sa mijinta gaba. Othniel ya tsaya a zaure ya yi sallama, ita ta shige ciki. Gogo ta fito, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido, ta zauna a kan tabarma. Aka gaisa da Fulatanci gwargwadon abin da Othniel ya iya, aka koma Hausa. Aka tambayi gida, da gona, da zafi, da Becky da take aikin jinya a Numan. Gogo ta tambayi daga ina suka zo, da aka ce Michika ta ce a shekarar gudun mutum goma sha ɗaya ne suka kwana a wannan zaure har wata huɗu. Aka kawo fura. Othniel ya sha, ya yaba, kuma ba yabon baki ba ne. Suka yi sallama ba wanda ya ambaci turmi.

A hanya ya ce, "Ba mu faɗi abin da ya kawo mu ba."

"Ta sani," in ji Liyatu. "Gobe ka zo da mai takarda."

Washegari Dakta Nu'uman ya sa babbar riga, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa har ƙasa. Hamajoɗa ya biyo su, wai shi shaida ne. Gogo ta bar Dakta a durƙushe ta gaisa da kowa tukuna, sannan ta juyo.

"Wannan ne mai takarda?"

"Ni ne, Gogo. Na yi kuskure."

"Takardanka ya zo. Na naɗe daddawa da shi, yana da kyau, ba ya yagewa." Hamajoɗa ya tuntsire da dariya, ta harare shi. "Kai kuma, Hamajoɗa, haka kuka rene shi? Shekara ɗaya ina jin tarinsa ta bango, ban san fuskansa ba."

"Gogo, Turawa ne suka ɓata shi. Mu mun ba su shi da hankalinsa."

"To me turmina ya yi wa injinka?"

Dakta ya buɗe baki zai fara, Othniel ya ga irin dogon bayanin da yake tahowa, ya riga shi. "Gogo, in kuna lugude, me kuke gudu?"

"Kada taɓarya biyu su sauka tare mana. Su gwabzu, gero ya watse."

"To mu abin da muke nema ke nan. Muna da haske biyu kamar taɓarya biyu. So muke su sauka a turmi ɗaya a lokaci ɗaya. In sun gwabzu, sai wani koren abu ya fito. Amma turmin namu ƙarami ne ƙwarai, in ƙasa ta motsa kaɗan sai su saɓa."

Gogo ta yi nazari. "Aikin banza kuke yi, amma na gane." Ta gyara zama. "Ranar Alhamis zan yi dakana da hantsi. 'Yata Liyatu za ta zo ta kama mini, na ga hannunta na aiki ne. Amma da sharaɗi. Abin da ya sa na ajiye taɓarya, sai na gan shi da idona."

"Na gode, Gogo," in ji Dakta.

"Tashi haka, gwiwanka zai yi ciwo. Gobe ma ka zo gaisuwa, ba sai da dalili ba."

Ranar Alhamis kowa yana murna ban da Othniel. Muddin turmi yana bugawa, akwai mai ɗaukar laifi. Yau bayan la'asar ƙasa za ta yi tsit, kuma in ɗigon ya yi rawa, a gaban matarsa da abokinsa da tsohuwar da ta sauya aikin yininta dominsa, babu sauran tambaya. Kafin ya fita ya buɗe akwati ya ɗauki hankicin nan ya sa a aljihu. Ya ƙudura cewa in hannun ya ƙi, zai ajiye wa Hamajoɗa agogonsa a kan kujerar mota, ko ya karɓa ko kada ya karɓa.

Ɗakin ya cika. Gogo ta zauna a kujerar Dakta, tabarau mai duhu a kan ɗankwalinta da fuskarta, tana riƙe da shi da hannu biyu. Liyatu tana tsaye a bayanta, tafin hannunta ja saboda dakan hantsi. Hamajoɗa ya jingina da ƙofa, an gargaɗe shi kada ya motsa ƙafa.

"Ko numfashi kada in yi?"

"In za ka iya, Bappa, da ka taimaka."

Othniel ya kara kunne a teburi. Shiru, sai gurnanin na'ura. Ya zauna. Ya dubi yatsunsa, sun yi kanta saboda fartanya, sun yi kauri, ba irin waɗanda ya sani ba. Ya kafa ɗan ƙaramin a kan ƙarfe. Ya saki numfashi. Ya murɗa zane biyu.

"Babu komai," in ji Dakta. "Ci gaba."

Biyu. Biyu. Biyu. A murɗa ta tara wani abu ya ɓullo a tsakiyar katin, dishi-dishi. Othniel ya tsaya, yatsunsa a kan sukurun, yana jira ya ga rawa. Ɗigon ya tsaya kamar an ɗiga shi da alƙalami. Allurar mita ta hau kaɗan ta zauna.

"Ci gaba, Baba," in ji Dakta, muryarsa ta sauya.

Daga nan Othniel bai ƙara sanin akwai mutane a ɗakin ba. Yatsa, numfashi, zane biyu. Dakta yana kiran lamba yana rubutawa. Ɗigon yana ƙara kore, yana ƙara haske, har ya kai iyakarsa, sannan ya fara sauka a hankali kamar yadda ya hau, ba tsalle, ba zarcewa, har ya ɓace. Dakta ya ce a koma baya a sake. Aka sake. Lambobin suka fito kamar an kwafe su.

Dakta ya ja layi a takardarsa, ya auna faɗin tudun da lambobin suka zana, ya yi ɗan lissafi. "Zane arba'in da shida. Wato walƙiyar kimanin femtosakan ɗari biyu ce." Ya ajiye biro. "Baba, sau biyu ka yi tafiyar nan, ba ka kauce ko zane ɗaya ba. Inda na yi karatu inji ne yake yin wannan aiki."

Liyatu ta rangaɗa guɗa, allurar mita ta yi tsalle, kowa ya yi dariya.

"A dawo da shi in gani da kyau," in ji Gogo. Othniel ya murɗa baya har ɗigon ya cika. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. "Wannan ɗan abu? Kamar idon fara? Saboda shi na tashi mata tun hantsi?" Ta gyara tabarau. "Amma yana da kyau. Wallahi yana da kyau. Mai agogo, ashe kai ne mai haɗa taɓaryun."

Hamajoɗa ya matso, ya ɗaga wuyan hannunsa na hagu, ya buɗe baki. Othniel bai bar shi ya tambaya ba. Ya ce Dakta ya kashe na'ura ya kunna fitila. Ya cire tabarau, ya zaro hankici ya shimfiɗa a gefen teburin, ya maƙala gilashin ido ɗaya. Ya yi wa agogon wani, ya kara shi a kunne, ya saurara. Sannan ya buɗe bayansa ya ɗauki hantsaki. Zagaye biyu na sifirin ɗin ne suka manne da tsohon mai, ga ƙura a kan ƙafafun. Ya raba su, ya wanke, ya ɗiga sabon mai daga wanda ya sa wa sukurun, ya gyara saitin. Aikin da ya jira shekara tara bai kai rabin awa ba. Ya daidaita allurai da wayar Dakta, ya ɗaura wa Hamajoɗa a hannu.

Hamajoɗa ya kara shi a kunne. Idanunsa suka ciko, ya juya fuska wajen bango kamar mai duba wani abu a can. Da ya juyo ya ce, "Mako ɗaya ka ce mini."

"Ban faɗi wane mako ba."

Gogo ba ta sake ajiye taɓarya ba. Hamajoɗa ya kawo tub huɗu na tayar ƙaramar mota, aka hura su kaɗan aka ɗora teburin ƙarfen a kai bisa shawarar Dakta, motsin ƙasa ya daina isa ga madubai. Dakta yana shiga gaisuwa duk Juma'a, kuma an ce ya yi ƙiba saboda fura. A rahoton da ya rubuta kan na'urarsa ya sa sunan Othniel da na Asta a wurin godiya. Da aka karanta wa Gogo ta ce wannan takardar ba za ta naɗe daddawa da ita ba.

Bayan wata biyu Othniel ya kafa teburinsa a Jimeta. Agogon hannu ya ragu a gari, amma masu gyaran waya sun gano cewa in ƙaramin sukuru ya gagare su, akwai inda ake kai shi. Ranar Alhamis yakan rufe da wuri ya hau mota zuwa Sangere, domin ɗaliban Dakta suna zuwa ganin yadda ake auna walƙiya, kuma kafin a bar kowa ya taɓa sukurun sai ya fara kara kunne a teburi. Hamajoɗa kuwa yana biyowa ta layin kusan kullum. Yakan tsaya gaban gilashin, ya ɗaga hannu, ya dubi agogonsa da kyau, ya sanar da Othniel ƙarfe nawa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.